Darasi na Goma Sha Huɗu: Hayabusa, Shahon Jiragen Ƙasa na Japan

Gabatarwa

Ɗalibai, kun riga kun san cewa da kalma ɗaya Bahaushe yake kiran manyan abubuwan hawa guda uku. Kalmar ita ce *jirgi*. Jirgi na asali shi ne na ruwa, wanda ake ƙetare kogi da shi. Da layin dogo ya iso Kano a shekarar 1911, sai Hausawa suka ga wani dogon abu yana ɗaukar mutane da kaya kamar jirgi, amma a kan tudu yake tafiya. Suka sa masa suna jirgin ƙasa. Daga baya na sama ya zo, shi ma ya sami nasa sunan.

A wannan darasi za ku karanta bayanin wani jirgin ƙasa na zamani da ke aiki da wutar lantarki a ƙasar Japan. Ku karanta shi sau biyu: na farko a zuci, na biyu a bayyane. Kada ku tsaya a kan kowace sabuwar kalma a karatun farko, domin an yi bayanin masu wuyar a ƙarshe.

Karatu

Har zuwa tsakiyar ƙarni na ashirin, layukan dogo na Japan ƙanana ne masu yawan kwana. Tazarar da ke tsakanin ƙarafan layin biyu milimita 1,067 ce, daidai da ta tsohon layinmu da ya tashi daga Legas zuwa Kano. Jirgi ba ya iya sakin gudu a kan irin wannan layi. Ga shi kuma jama'a sun yi yawa, layin da ke tsakanin Tokiyo da Osaka ya cika maƙil. Maimakon su yi ta yi wa tsohon layi kwaskwarima, sai Japanawa suka shimfiɗa sabo fil mai faɗin milimita 1,435, suka keɓe shi domin jiragen fasinja masu sauri kaɗai. Suka kira shi Shinkansen, ma'ana sabon babban layi. An buɗe shi ranar 1 ga watan Oktoba na shekarar 1964, kwana tara kafin a fara wasannin Olamfik a Tokiyo. Tafiyar da take cin awa shida da rabi ta koma awa huɗu, bayan shekara ɗaya kuma ta koma awa uku da minti goma.

Jirgin da muke magana a kansa jikan waɗancan jirage ne. Sunansa Hayabusa, kuma kamfanin JR East ne yake tafiyar da shi. A harshen Japananci, *hayabusa* wani irin shaho ne, wanda idan ya sako daga sama zai kai wa tsuntsu sura yakan wuce gudun kilomita 300 a awa. Sunan ya dace da mai shi. Jirgin ya fara ɗaukar fasinja ranar 5 ga Maris, 2011, daga Tokiyo zuwa tashar Shin-Aomori a can arewacin babban tsibirin Honshu. Da farko kilomita 300 yake yi a awa, daga shekarar 2013 aka ƙara masa zuwa 320. Nisan hanyar ya kai kilomita 675, wato ya ɗan gaza tafiyar Legas zuwa Abuja a mota, amma Hayabusa yakan cinye shi cikin kimanin awa uku. Mutum zai karya kumallo a Tokiyo, ya halarci taro a Aomori da hantsi, ya kuma ci abincin dare a gidansa.

Idan kun gan shi a hoto ba za ku manta da shi ba. Samansa kore ne shar, ƙasansa fari, an raba su da siririn layi mai launin hoda. Tarago goma gare shi, tsawonsa kuma ya ɗan wuce mita 250.

Abu na farko da ya raba shi da jiragen da muka saba gani shi ne ba shi da kan jirgi. Jirgin Abuja zuwa Kaduna yana da kai guda mai shan man dizal, shi ne yake jan sauran taragun a bayansa. Hayabusa kuwa, takwas daga cikin taragunsa goma kowanne yana da injunan lantarki a ƙarƙashinsa, kusa da ƙafafu. Saboda haka ba jansa ake yi ba, kowane tarago yana ba da nasa ƙarfin. Wannan ya sa nauyi ya rarrabu, layi ba ya saurin lalacewa, jirgin kuma yana ɗaukar gudu da wuri. Wutar tana zuwa ne ta wata waya da aka ja a saman layin tun daga farko har ƙarshe, mai ƙarfin bolt 25,000. A kan rufin jirgin akwai wani hannun ƙarfe da yake gogar wayar yana ɗebo wutar. Wani abin sha'awa kuma shi ne, idan direba ya taka birki, injunan nan sukan juya aiki su zama janareto, su mayar da wuta cikin waya, wani jirgin ya amfana da ita.

Abu na biyu shi ne hancinsa. Tsawon hancin Hayabusa mita 15 ne, ya yi kama da bakin agwagwa. Wanda bai sani ba zai zaci ado ne, alhali kuwa dole ce ta sa. Japan ƙasa ce mai yawan duwatsu, layin kuma ba ya son kwana, don haka sai a huda dutse a wuce ta ciki. Ku tuna da famfon da ake ba tayar keke iska: idan an danna sandarsa, iskar da ke ciki takan matsu ta fita ta ɗaya bakin. Haka jirgi yake yi wa iskar da ke cikin ramin dutse. Idan gabansa a daƙushe yake, yakan tunkuɗa iskar gaba ɗaya, ta fita ta ɗaya ƙofar ramin da ƙara kamar an harba igwa, har tagogin gidajen da ke kusa su girgiza. Dogon hanci kuwa a hankali yake ratsa iskar, sai ƙarar ta ragu. Wato an tsawaita hancin ne domin mutanen ƙauyen da ke bakin layi, waɗanda wataƙila ba su taɓa sayen tikitinsa ba.

Aji uku a jirgi ɗaya

Hayabusa yana ɗaukar fasinja fiye da 700, kuma kowa da lambar kujerarsa tun kafin ya shiga. Taragu takwas na farko su ne na kowa da kowa. A kowane jeri akwai kujera biyar, uku a gefe ɗaya, biyu a ɗaya gefen. Tarago na tara ana kiransa koren tarago, ba domin cikinsa kore ba ne, sai don alamar koren ganye da ke jikin ƙofarsa. Tun shekarar 1969 Japanawa suka daina cewa ajin farko, suka koma amfani da wannan suna. Kujerunsa 55 ne, huɗu a kowane jeri.

Tarago na goma shi ne wanda ya ja hankalin duniya. Sunansa Gran Class, kuma a jikin Hayabusa aka fara shi. Shi ne mai dogon hancin da ke fuskantar arewa, don haka wurin zaman da ya rage a cikinsa kaɗan ne. Kujera 18 kacal aka sa, jeri shida, biyu a gefe ɗaya, ɗaya tilo a ɗaya gefen. Kujerun na fata ne. Akwai maɓallai a hannun kowace kujera, fasinja ya danna wannan bayanta ya kwanta, ya danna wancan wurin ɗora ƙafa ya ɗago. An yi wa bayan kujerar wani ƙoƙo mai ƙarfi, ta yadda ko mutum ya kishingiɗa ba zai takura wa na bayansa ba. Tsakanin jeri da jeri mita ɗaya da santimita talatin ne, ga darduma mai laushi, ga fitilar karatu, ga akwatunan kaya a sama irin na jirgin sama. A yawancin tafiye-tafiye akwai ma'aikaci na musamman da ke kula da mutum goma sha takwas ɗin nan. Yakan kawo ɗan abinci mara nauyi, da abin sha, da bargo, da silifas, da ƙyallen rufe ido ga mai son barci. Hatta ƙafafun jirgin an haɗa su da wata na'ura da ke jin girgiza ta kashe ta nan take, jikin taragun kuma yakan ɗan karkata idan an zo kwana, don kada fasinja ya ji ana wurga shi gefe.

Kuɗin wannan tarago ya fi na sauran nesa ba kusa ba. Me ya sa kamfani zai ɓata tarago guda a kan mutum 18? Amsar ita ce gasa. Tsakanin Tokiyo da garuruwan arewa akwai jiragen sama, kuma manyan 'yan kasuwa da masu yawon buɗe ido sun saba da ajin alfarma a cikinsu. Idan jirgin ƙasa yana son ya janye su, sai ya ba su abin da suka saba samu a sama.

A ganina, duk da haka, mafi tsadar abin da ke cikin Hayabusa ba a tarago na goma yake ba. Mai kujerar fata da ɗalibin da ke tarago na uku minti ɗaya suke isa, kuma birki ɗaya ne yake tsare rayukansu. Abin da ya fi cin kuɗi da wahala shi ne kiyaye lokaci da kiyaye rai, waɗannan kuwa kowane fasinja yana samun su daidai wa daida.

Ku dubi yadda ake yi da lokaci a tashar Tokiyo. Sau da yawa minti goma sha biyu kawai jirgi yake yi a tsaye kafin ya juya. Minti biyu na saukar fasinja ne, uku na shigar sababbi. Bakwai ɗin da ke tsakani na masu shara ne. Kafin jirgin ya tsaya sun riga sun yi sahu a bakin layi. Suna shiga sai su kwashe shara, su goge tebura, su share ƙasa, a juya kujeru su fuskanci inda za a nufa, su tattara abin da aka manta. Idan sun gama sai su fito su jeru, su rusuna wa fasinjojin da ke jira. Da dare kuma, daga ƙarfe goma sha biyu zuwa shida na safe, ba jirgin fasinja da ke bin layin. Lokacin masu gyara ne, suna bin ƙarafa da wayoyi suna dubawa.

Kwana shida bayan farawa

Jirgin da ke gudun kilomita 320 a awa yana shafe kusan mita 89 a daƙiƙa ɗaya. Kafin direba ya hango alama a gefen hanya ya karanta ta, ya riga ya wuce ta, kuma ko ya taka birki sai jirgin ya yi tafiyar kilomitoci kafin ya tsaya. Saboda haka babu fitilun ba da hannu a gefen wannan layi. Umarni yana zuwa ne kai tsaye a allon da ke gaban direba, idan kuma jirgi ya wuce gudun da aka yarda masa, na'ura ce take rage shi da kanta. Babu inda hanyar mota ta gitta layin Hayabusa: ko dai ya bi ta kan gada, ko ta cikin rami, ko a killace shi da shinge.

Babban abin tsoro a Japan shi ne girgizar ƙasa. An dasa na'urorin jin motsin ƙasa a bakin teku da kuma gefen layi. Da zarar ɗaya ta ji motsi mai haɗari, sai ta sa a yanke wutar layin, yankewar wutar kuma ita ce take sa birkin gaggawa ya kama a kowane jirgi, ba tare da jiran hannun mutum ba.

Ranar 11 ga Maris, 2011, kwana shida kacal da fara aikin Hayabusa, aka jarraba wannan shiri. Da ƙarfe 2:46 na rana girgizar ƙasa mafi ƙarfi da aka taɓa aunawa a Japan ta auku a cikin teku, daura da yankin da layin yake bi. Teku ya yi toroƙo ya afka wa garuruwa, mutum fiye da 15,000 suka rasu. A wannan lokaci jirage 27 ne suke tafiya a kan layin. Na'urar bakin teku ta ji motsin 'yan daƙiƙu kafin babbar jijjigar ta iso, wuta ta yanke, jiragen suka fara rage gudu. Duk jirgin da ke ɗauke da fasinja ya tsaya a kan ƙarafansa, ba wanda ya mutu a ciki. Turakun waya sun karye, ginshiƙan gadoji sun tsage, amma ranar 29 ga Afrilu, bayan kwana 49, aka sake buɗe layin baki ɗaya. Wannan ba ya nufin jiragen Shinkansen ba su taɓa sauka daga layi ba. Girgizar ƙasa ta saukar da ɗaya a 2004, ta kuma saukar da wani a 2022. Sai dai tun daga 1964 babu fasinjan da ya rasa ransa saboda karo ko saukar jirgi daga layi.

Tun watan Maris na 2016 Hayabusa yana wuce Aomori ya shiga tsibirin Hokkaido ta ramin Seikan, mai tsawon kusan kilomita 54, wanda kimanin kilomita 23 daga cikinsa a ƙarƙashin teku suke. A nan yakan sassauta gudu, domin yana raba layin da jiragen kaya.

Mu dawo gida

Sababbin layukanmu na Abuja zuwa Kaduna, wanda aka buɗe a 2016, da Legas zuwa Ibadan, wanda aka buɗe a 2021, faɗinsu milimita 1,435 ne, daidai da na Shinkansen, kuma su ma tikitinsu aji-aji ne. Amma da dizal jiragensu suke aiki. Wanda ke amfani da lantarki shi ne jirgin cikin gari na Legas da ke tashi daga Marina zuwa Mile 2 tun 2023. A nahiyarmu, Maroko ce ta fara mallakar jirgi mai gudun kilomita 320 a awa, mai suna Al Boraq, tsakanin Tanja da Kasabalanka, a shekarar 2018. Sayen irin wannan jirgi ba shi ne mai wuya ba. Yana bukatar wutar da ba ta ɗaukewa, da layin da dabba ko mota ba za su hau ba, da ma'aikatan da za su duba shi kowane dare.

Ma'anar kalmomi

*tarago*: ɗaki ɗaya daga cikin ɗakunan da aka jona suka zama jirgin ƙasa. Jam'i: taragu.
*kan jirgi*: ɓangaren gaba mai inji, wanda yake jan taragu.
*kwaskwarima*: ɗan gyaran da ake yi wa tsohon abu.
*sura*: yadda shaho yake fizgar abu da ƙafafunsa ya tashi da shi.
*daƙushe*: rashin tsini ko kaifi.
*igwa*: babbar bindiga ta yaƙi.
*kishingiɗa*: jingina da baya, tsakanin zama da kwanciya.
*rusuna*: sunkuyawa don girmamawa.
*gitta*: ratsawa ta gaban wani abu.
*toroƙo*: kumburar ruwa da tashinsa sama.

Nazarin harshe

Idan za ku kwatanta abu biyu a Hausa, aikatau uku ne za su yi muku aiki: *fi*, da *kai*, da *gaza*. Ku lura da tsarin jimlar. Abin da ake kwatantawa da shi yana biyo bayan aikatau, siffar kuma ita ce a ƙarshe: *Hayabusa ya fi mota sauri.* Kuskuren da masu koyo suka fi yi shi ne su ce *ya fi sauri mota*. Idan abubuwan sun yi daidai sai a ce: *Al Boraq ya kai Hayabusa gudu.* Idan ɗaya bai cim ma ɗaya ba, a ce: *Koren tarago bai kai Gran Class tsada ba.* Ita kuwa *gaza* ta fi zuwa wajen nisa da adadi, kamar yadda kuka gani a cikin karatun.

Ku kuma lura da ƙananan kalmomin da suke ƙarfafa ma'ana: cika *maƙil*, sabo *fil*, kore *shar*. Kowacce tana da abokiyar tafiyarta. Ba a cewa kore fil, ba a kuma cewa sabo shar.

Tambayoyi

1. Me ya hana jiragen Japan na da yin gudu sosai?
2. Mene ne ma'anar *hayabusa*, kuma ta yaya sunan ya dace da jirgin?
3. Ku bayyana bambancin yadda Hayabusa yake tafiya da yadda jirgin Abuja zuwa Kaduna yake tafiya.
4. Su wa dogon hancin jirgin yake amfana? Ta yaya?
5. Ku kawo abubuwa huɗu da fasinjan Gran Class yake samu.
6. Me yake faruwa daga lokacin da na'ura ta ji motsin ƙasa zuwa lokacin da jirgi ya tsaya?
7. Marubucin ya ce mafi tsadar abin da ke cikin jirgin ba a tarago na goma yake ba. Kun yarda da shi? Ku kawo dalilanku.
8. Layin Abuja zuwa Kaduna kilomita 186 ne. Kimanin minti nawa jirgi mai gudun kilomita 320 a awa zai yi a kansa idan bai tsaya ko'ina ba? Ku rubuta amsar da kalmomin Hausa.

Jinga

Ku rubuta jimloli shida na kwatance, biyu da *fi*, biyu da *kai*, biyu da *bai kai ba*, a kan abubuwan hawan da ake amfani da su a garinku. Sa'an nan ku rubuta wa abokinku ko ƙawarku wasiƙa mai sakin layi uku, ku bayyana wata doguwar tafiya da kuka taɓa yi: abin da kuka hau, awa nawa kuka yi, da yadda wurin zaman yake.